Taraktar da ke Sarewa a Bakin Aiki: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakatare ya rubuto mini, cewa ya yi in yi magana a kan noma bayan ritaya. Na duba na ga wannan kogi ne, ba zan iya haye shi cikin rabin awa ba. Saboda haka na roƙi arziki a bar ni in tsaya a kan abu guda wanda na san shi, wato tarakta. Dalilina kuwa shi ne, a 'yan ajinmu kaɗai na ƙirga mutum huɗu da suka ɗauki kuɗin sallamarsu suka sayi tsohuwar tarakta, kuma uku daga cikinsu sun taɓa buga mini waya da kuka iri ɗaya: tana tashi lafiya, tana tafiya a kan hanya lafiya, amma da an sauke garma a ƙasa sai jikinta ya mutu. Ba na yi musu dariya, domin ni da na yi shekaru ina aikin injiniyan gona abin ya taɓa kayar da ni, kuma da wannan labarin zan fara.

A watan Yuni na shekarar 2022 ne, shekarar da kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu. Ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙu, ina da hekta 20 da nake son in sa wa masara, ga kuma maƙwabta da suka riga suka ba da kafin alƙalami a yi musu haro. Ni kuwa ina birni wajen wata hidima. Sai direbana ya bugo, ya ce, "Baba, motar nan ba ta da ƙarfi. In na yi kamar minti ashirin sai ta fara sarewa, in na huta sai ta dawo." Na ce masa ya kira bakanike. Bakanike ya zo ya saurara, ya ce ai famfon injekta ne, ya kwance shi ya tafi da shi gari. Kwana shida kafin ya dawo. Aka ɗaura, aka tayar a tsakar gida, ƙara ta yi daɗi, aka biya shi. Washegari aka shiga gona, bayan minti ashirin ta sake sarewa. Ya dawo ya ce to nozul ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: kafin a gama da nozul an ci kwana 11, maƙwabta biyu sun karɓi kuɗinsu sun nemi wata taraktar, ciyawa kuwa ta rufe gonar. Laifin ban ɗora shi a kan bakanike shi kaɗai ba. Ni ne na ba da izni a waya ba tare da na yi tambaya ko ɗaya ba.

Kafin in gaya muku abin da aka samu, bari mu koma aji kaɗan, tunda ga Malaminmu na Fiziks can a sahun gaba yana kallona.

Injin gas ba shi da fulogi, ba shi da kafireta. Tun wanda Rudolf Diesel ya tayar a garin Augsburg na ƙasar Jamus a 1897, dabarar ɗaya ce. Fistin ya zuƙo iska zalla, ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na girmanta, zafinta ya haye digiri 500, sa'an nan nozul ya feso mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Ashe ke nan abu uku inji yake bukata: iska mai yawa, mai mai tsabta a kan lokaci, da matsi. In ƙarfi ya ragu, ko dai ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ko kuwa ƙarfin yana nan amma bai isa ƙasa ba.

To me ya sa cutar ba ta nunawa sai a bakin aiki? Wannan ita ce tambayar da in mutum ya gane ta ya gane rabin maganar. Taraktar da ke da ƙarfin doki 75, irin wadda yawancinmu muke saye, in tana tsaye tana silo abin da take sha bai wuce lita ɗaya zuwa biyu a awa ba. In ta shiga noma da gaske tana iya shan lita 12 zuwa 15. Filtar da ta toshe rabi za ta wuce da lita biyu ba tare da kowa ya sani ba, amma ba za ta wuce da 12 ba. Haka ma iska: kowace lita ɗaya ta gas tana bukatar iska fiye da lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Saboda haka duk wanda ya gyara muku tarakta, ya tayar da ita a tsakar gida, ya taka totur ta yi kuka, ya ce ta warke, bai gwada komai ba. A gona ake gwaji, garma tana cikin ƙasa.

Tambayar farko da ya kamata in yi wa direbana ita ce: in ta sare, ƙarar injin ce take faɗuwa, ko kuwa injin yana kuka yadda ya saba amma motar ba ta ci gaba? In na biyun ne, a bar inji ya huta, ba shi da laifi. Ko kuloci ne yake sulɓewa, ko taya ce take juyawa a banza. Gwajin kuloci ba ya cin ko kwabo: a sa babbar giya, a taka birki sosai, a saki kuloci a hankali. Mai lafiya zai kashe injin nan take, wanda ya cinye kuwa zai bar inji yana juyawa, har ku ji ƙaurinsa. Yawancin kulocin da ya cinye ƙafar direba ce ta cinye shi, don sun saba ɗora ƙafa a kansa wuni guda kamar matashi. Taya kuma, a sa alama da alli a jikinta, a auna nisan da take yi a juyi 10 ba kaya, a sake aunawa garma tana ƙasa. In bambancin bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, daidai ne. In ya zarce haka nesa, ko haƙoran tayar sun ƙare, ko tana bukatar nauyi, kuma zuba ruwa a cikin tayoyin baya tsohuwar dabara ce mai aiki. Kada kuma a manta da birkin da ya riƙe, da garmar da aka nutsa fiye da kima a cikin laka, da direban da ke son gama hekta da wuri ya sa giyar da ta fi ƙarfin aikin. Wani lokaci babu abin da ya lalace, zalunci ne kawai ake yi wa motar.

In kuwa ƙarar injin ce take faɗuwa, to a ɗaga kai a dubi salansa. Hayaƙi ba ya ƙarya.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, ko kuwa man bai ƙone da kyau ba. Wurin dubawa na farko filtar iska ce. Wanda ya taɓa tsayawa bayan haro a busasshiyar ƙasa ya san irin ƙurar da nake nufi, injin nan kuwa yana zuƙar iska lita 3,000 da ɗoriya a kowane minti. Tsofaffin taraktoci masu tukunyar mai a ƙasan filta, a zubar da man da ya zama taɓo, a wanke, a zuba sabo daidai layi. Masu filtar takarda kuma, ta waje ana iya hure ta daga ciki zuwa waje a hankali, amma ta cikin ba a wanke ta, ba a hure ta, canzawa ake yi. Na sha ganin yara suna buga filta da taya don ƙura ta fita, har takardar ta tsage. Filtar da ta huje ta fi wadda ta toshe sharri, domin wadda ta toshe ƙarfi kawai za ta rage, wadda ta huje kuwa yashi za ta shigar ya cinye ringi cikin damina ɗaya. Sai an tabbata iska tana shiga sosai sa'an nan a zargi nozul. Akwai ma wani abin da ba cuta ba ne: injin da ba shi da tobo yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, don iskar sama ba ta da kauri. Ɗan uwanmu da ke noman dankali a wajen Jos, inda tudun ya kai kusan mita 1,200, kada ya yi mamaki in taraktarsa ba ta ja kamar yadda take ja a gonar shinkafa ta ƙasa.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, galibi ringi sun tsufa. Za ku ga tana shan baƙin mai, tana wahalar tashi da safe, bututun numfashin inji yana fitar da tururi. Wannan ba aikin gona ba ne, aikin rani ne a gareji. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi kuwa, ko ruwa ne a cikin mai, ko an ɗaura famfo lokacin feshinsa bai daidaita ba, ko gasket ya ƙone ruwan lagireto yana shiga. Tunda na ambaci lagireto, a riƙa leƙa gabansa, domin ƙaiƙayi da furen ciyawa suna toshe shi, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Kada dai a buɗe murfinsa da zafi.

Saura na huɗu, wanda shi ne nawa: ƙarfi ya tafi, amma babu hayaƙi ko kaɗan. Salansa fes. Wannan yunwa ce. Inji yana neman mai bai samu ba, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin da an ce mai sai hankalin kowa ya tafi ga famfon injekta, alhali shi ne na kusa da ƙarshe a layin. Man yana fitowa daga tanki ta wani ɗan famfo mai rariya a cikinsa, ya bi ta kwalbar da ke tara ruwa da datti, ya shiga ƙaramin famfon da ke tura shi, ya ratsa filta ɗaya ko biyu, sa'an nan ya isa babban famfo. Kowace gaɓa a nan tana iya shaƙe shi, kuma duba su duka bai wuce aikin awa ɗaya da sifana biyu ba.

Tun kafin a taɓa sifana ma, a dubi wayar kashe inji, ko ta koma ciki gaba ɗaya. In ta maƙale rabi, rabin mai za ta bari ya wuce. A dubi sandar totur, ko tana kai hannun famfo har ƙarshe in an ja. Sa'an nan a dubi kwalbar nan: ruwa ya fi gas nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa. In kun ga wani baƙin yauƙi, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a tsakanin ruwa da mai, kuma alama ce tankin kansa yana son wanki. A cire tiyo daga ƙasan tanki a ga ko mai yana zubowa da kauri ko ɗiga yake yi. Abin da na taɓa cirowa daga tankunan taraktoci zai cika kwando: ledar ruwa, tsumma, ganye, guntun sandar da ake auna mai da ita. Leda ita ce muguwa, domin tana yawo a ciki, in an ja mai da ƙarfi ta zo ta rufe baki, in an kashe inji ta saki.

Filta kuwa a canza ta farkon kowace damina, kada a jira awoyin da littafi ya faɗa, don wanda ya rubuta littafin bai san duron da muke ɗiba ba. Wajen canzawa a kula da robobinta. A filtar nan ta CAV da ke jikin yawancin tsofaffin injunan Perkins, tsohuwar roba takan maƙale a sama, yaro ya ɗora sabuwa a kanta, iska ta samu ƙofa. Iska a layin mai kuwa ɓarauniya ce da ba ta barin sawu, domin a ɓangaren da ake zuƙa, rami yana shigar da iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. Maganinta a sa guntun farin tiyo wanda ake ganin cikinsa kafin babban famfo, a duba ko kumfa yana wucewa. Akwai kuma gwajin jarka, wanda na fi so: a zuba mai mai tsabta a jarka, a ɗaure ta sama, a ja tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa ƙaramin famfo, a shiga gona. In ƙarfi ya dawo, an wanke babban famfo da nozul daga zargi, cutar tana tsakanin tanki da wurin nan.

To, rana ta 12 na bar abin da nake yi na tafi gonar da kaina. Na ce direba ya cika tanki kamar yadda ya saba kowace safiya, ya shiga aiki, ni kuma ina biye da shi a ƙasa. Minti ashirin da 'yan kai sai ƙara ta fara faɗuwa. Na dubi salansa, ba hayaƙi. Na ɗaga masa hannu ya tsaya, na ce kada ya kashe. Na kai hannu zan buɗe tanki in leƙa, sai na ji murfin yana riƙewa, da na murɗa da ƙarfi sai ya yi wani dogon tsaki, iska ta ruga ciki. Ba a yi minti ɗaya ba ƙarar injin ta miƙe. Na juya murfin, sai ga wata baƙar roba an yanka ta da kyau an cusa a ciki.

Na ce, "Kai, wa ya sa wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Na ga mai yana tsatsowa ta murfin in an shiga gargada, ga shi ya yi tsada, shi ne na yanko robar cikin taya na toshe."

Yaron nan tattalin kuɗina yake yi. Abin da bai sani ba shi ne akwai wani ɗan rami a murfin, bai fi bakin allura girma ba, wanda ta nan tanki yake numfashi. Malam, ranka ya daɗe, kai ka sa mu huda gwangwanin madara a wuri ɗaya muka ga ta ƙi zuba, ka ce mu ƙara huda ta biyu. Kai ne kuma ka rubuta mana dokar Boyle a allo, muka haddace don jarrabawa. Ga ta nan a gonata: tanki cike, sararin iskar da ya rage a sama bai fi lita 4 ba. Cikin minti ashirin inji ya sha wata lita 4, sararin ya ninka, matsin iskar ciki ya koma kusan rabi, ƙaramin famfo ya kasa janyo mai. In direba ya tsaya ya buɗe murfi don ya ga ko mai ne ya ƙare, sai ya ba ta numfashi da hannunsa bai sani ba, ya ce hutu ne ya warkar da ita. Tun a wayar farko ya gaya mini wannan alamar, ni ne ban saurara ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce famfon injekta ba ya lalacewa. Yana lalacewa, kuma abin da ya fi kashe shi a wurinmu gurɓataccen mai ne. Famfon nan mai juyawa da ke jikin yawancin taraktocinmu ba shi da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa shi. In an sayo man da aka sirka da kananzir, ko mai ruwa a ciki, ƙarfe ne zai riƙa gugar ƙarfe. Alamarsa takan zama wahalar tashi in inji ya yi zafi, da raguwar ƙarfi a hankali cikin makonni. Wanda zai ajiye mai a duro ya bar shi ya kwanta kwana ɗaya ko biyu, ya karkata duron yadda datti zai taru nesa da bakin ɗiba, kada kuma ya zuba gas a mazubin da aka shafe da tutiya, don yana cin ta. Cika tanki da yamma bayan an tashi aiki ya fi cikawa da safe, saboda raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ba kome. In an bi duk waɗannan har yanzu babu ƙarfi, to a kwance famfo, amma a kai shi inda ke da injin aunawa, kada a buɗe shi a kan tabarma a gindin bishiya.

Gargaɗi ɗaya game da nozul. Makanikai sukan sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya inji yana silo, wanda aka sassauta ƙara ba ta canza ba shi ne matacce. Dabara ce mai kyau a tsohon inji, amma man da ke cikin bututun nan matsinsa ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 170 ko fiye, yana iya huda fata ya shiga nama, kuma wanda abin ya samu asibiti za a kai shi nan take ko da ramin bai fi tsinin allura ba. Kada a nemi yoyo da yatsa. Sababbin taraktoci masu kwamfuta kuwa, matsin nasu ya haura ninki 1,500, ba a yi musu wannan gwajin sam. Su na'ura ake jona musu ta faɗi abin da ke damunsu, ko da yake su ma filta da murfin tanki suna kama su kamar na da.

Masarar dai na shuka ta a makare, a hekta 12 kawai, sauran na sa wake daga baya. Direban yana nan tare da ni har yau, kuma yanzu in ya bugo waya, kafin in tambaya yake gaya mini launin hayaƙi. Robar kuma ban yar ba, ga ta nan a aljihuna. Ya Shugaba, in an ba ni izni zan miƙa ta ga Malam, ya ajiye a ɗakin gwaje-gwaje kusa da gwangwanin madara. Wanda yake da tambaya a kan tasa taraktar, ina nan har a tashi.